Kaduna da labaran bincike: me garin yake ba marubuci?

Ummu Sultan:
Assalamu alaikum marubuta da makaranta. Ina rubuta littafin bincike, irin wanda ake tsintar gawa a babin farko, sai can ƙarshe a gano wanda ya yi kisan. Na yanke shawarar a Kaduna labarin zai faru, da sunayen unguwanninta na gaskiya, maimakon "wani gari" da muka saba rubutawa. Tambayata ita ce, mene ne a jikin garin nan da yake sa mutum ya ji akwai abin da aka ɓoye? Yawan laifi ko'ina akwai shi, yanayin garin nake nufi. Abin da ya fara zo mini shi ne hazon hunturu, lokacin da za ka hau gadar Kawo da sassafe ba ka ganin motar gabanka sai jar fitilarta. Amma na san hazo kaɗai ba zai riƙe littafi guda ba. Don Allah a taimaka mini.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ba ki ikon gamawa mu saya. Wallahi mun gaji da "wani katafaren gida a unguwar masu hannu da shuni". Wace unguwa? Malali ce ko Unguwar Rimi? In kika ce Rigasa, na riga na san faɗin layin, na san babur ne kaɗai zai shiga in an yi ruwa, na san ba za a fitar da gawa daga gida ba tare da yara ashirin sun gani ba. In kika ce titin Sultan kuwa, katanga ce doguwa da maigadi, ana iya yin kwana uku maƙwabci bai san an yi rasuwa ba. Kin ga tun daga sunan unguwa labarin ya fara bambanta.

Malamin Hausa:
Hajiya, kin kawo magana mai kyau, amma a kan hazo ina da gyara. Wannan hazon da kike ji yana da alaƙa da labarin bincike, aro ne daga marubutan Ingila. Nasu hazon na Landan hayaƙin gawayin kwal ne ya haɗu da laimar kogi. A watan Disamba na 1952 ya kashe dubban mutane cikin 'yan kwanaki, har sai da aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Sun rubuta shi ne saboda a cikinsa suke numfashi.

Namu busasshe ne, ƙura ce daga Sahara, kuma tana da aikin da nasu ba ya yi. Tana sauka a kan komai. Ɗakin da aka rufe kwana uku, teburinsa zai gaya miki. In an ɗauke akwati daga saman sif, gurbinsa zai fito fes a tsakiyar ƙura. Motar da mai ita ya rantse ta kwana a ƙofar gida, ki duba gilashinta ki duba na maƙwabciyarta. Sannan a watan Janairu kowa ya naɗe fuska da hirami ko hular sanyi, ɗan acaɓa da fasinjansa duk ido kaɗai ake gani, to shaida zai ce ya ga mutum amma bai gane shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Majalisa tana watsewa da wuri saboda sanyi, teburin mai shayi ne kawai yake raye. In za ki sa hazo, ki sa shi ya zama shaida, kada ya tsaya a ado.

Ummu Sultan:
Malam, na gode ƙwarai. Maganar gurbin akwati ta buɗe mini wata ƙofa.

Malamin Hausa:
Bari in ƙara, don ni a nan nake ganin asalin abin yake. Kaduna ba ta da ganuwa. Zariya tana da ita, Kano da Katsina suna da ita, kuma a cikin tsohon birni in ka faɗi sunan kakanka an san gidanku. Nan kuwa ƙasar Gbagyi ce da Turawa suka zaɓa saboda kogi da layin dogo, suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Soja ya zo, ma'aikacin jirgin ƙasa ya zo, akawu ya zo, ɗan kasuwa ya biyo su. Ki dubi sunayen wuraren ma: Unguwar Kanawa, Tudun Nupawa, titin Legas, titin Ibadan, titin Katsina. Kusan kowa in ka tone shi, mahaifinsa ko kakansa daga wani wuri ya taso. A irin wannan gari mutum yana iya sauka a tashar Kawo da jaka ɗaya, ya ce daga gari kaza yake, ya kama haya, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya zama na sahun gaba a masallaci, ba wanda ya taɓa zuwa garinsu ya tabbatar. Ranar da ya mutu aka nemi dangi a raba gado, ranar labarinki zai fara.

Baba Na Kakuri:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni ba marubuci ba ne, jikata ce ta sa ni a nan saboda ina son karatu. Amma in kina neman wurin da zai sa gashin jikinki ya tashi da rana tsaka, ki zo Kakuri.

Masaƙar farko, KTL, a 1957 aka buɗe ta. Bayanta Arewa Textiles da Nortex da UNTL suka zo. Kamfanin haɗa Peugeot ya fara aiki a 1975. Ni a ɗaya daga cikin masaƙun na yi ƙuruciyata, a ɓangaren saƙa. Aiki kashi uku ne, safe da yamma da dare, injin ba ya hutawa. In jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, titin ba ya biyuwa saboda kekuna. Masu abinci sun jera tukwane a bakin ƙofa, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe kwano ɗaya. A cikin ɗakin saƙa ƙara ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, sai muka koyi karanta leɓe da alamar hannu. Har yau in na haɗu da tsohon abokin aiki a wurin jana'iza, daga nesa muna iya gama magana ba wanda ya ji. Ki riƙe wannan, ko zai yi miki amfani.

Yanzu ki je ki gani. Ciyawa ta fi mutum tsawo, bishiya ta fito ta cikin rufin kwano, tantabaru sun mamaye inda auduga take. Akwai ɗakunan da katin ma'aikata yake zube a ƙasa, da hoto da lamba, ruwan sama ya cinye rabin fuskar. Mutanen da ke jikin katunan nan, wasu sun koma ƙauye, wasu sun rasu, wasu ba wanda ya san inda suka shiga. Duk lokacin da na wuce ta wurin sai in tambayi kaina ina wane, ina wane. Abokina na kusa da muka yi shekaru a inji ɗaya, tun da aka rufe ƙofa ban sake jin ɗuriyarsa ba, kuma sunan garinsu kawai na sani.

Ɗan Rigasa:
Allahu Akbar. Baba, mu da muka taso bayan an rufe, kango kawai muka sani.

Ɗiyar Sabon Tasha:
Sannunku. Na karanta duka, kuma ba wanda ya ambaci kogi yadda ya kamata. Yaya Ummu Sultan, in kika rubuta Kaduna ba ki sa kogin nan a tsakiyar labarin ba, wani gari kika rubuta.

A Tudun Wada aka haife ni. Mu Kiristoci ne, Hausa muke yi a gida. Bayan rikicin addini na Fabrairun 2000 babanmu ya sayar da gidan muka tsallako kudancin kogi. Maƙwabtanmu na yanzu, gidan da suke ciki daga hannun wani Alhaji suka saya, shi kuma ya tsallaka can. Aka sake yi a Nuwamban 2002, aka sake a Afrilun 2011, duk lokacin da aka yi sai wasu su ƙara kwashe kaya. Gidaje da yawa an yi cinikinsu cikin gaggawa, wasu musaya aka yi, takarda ɗaya da sa hannun mai unguwa, wasu ma ba takardar. Ki yi tunanin abin da ke binne a nan: wanda ya bar ajiya wurin maƙwabci ya ce zai dawo, wanda aka ɗauka ya mutu alhali yana raye a ɗaya gefen, yaron da wata mata ta ɓoye a ɗakinta ta raine shi.

Kuma mai bincikenki dole ya tsallaka gada. Da ya wuce filin wasa na Ahmadu Bello ya hau gadar nan ya sauka shataletalen Station, yadda yake gaisuwa zai canza, yadda ake kallon hularsa zai canza, tambayar da zai yi kai tsaye a Unguwar Sanusi sai ya yi mata kwana a unguwar Television. Mu da muke tsallakawa kullum zuwa aiki mun san wannan a jikinmu.

Abban Walid:
Ni fa ban goyi bayan wannan ba, kuma zan faɗa. Garin nan ya sha wahalar suna. In ka je Legas ka ce daga Kaduna kake, tambayar farko rikici, ta biyu garkuwa da mutane. Harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 har yanzu akwai gidajen da ba su gama farfaɗowa ba. Yanzu kuma mu da kanmu mu zauna mu rubuta littafin kisa, mu sa sunan unguwanni, mu tono 2000? Akwai wanda zai karanta ya ga unguwarsu aka ba mugun, ya ce da gangan ne. Hajiya, ki ƙirƙiri gari ki sa masa suna, ba wanda zai ce kin yi laifi.

Ɗiyar Sabon Tasha:
Yallaɓai, na fahimci tsoronka, ni ma ina da shi. Amma ƙannena da aka haifa a nan ba su taɓa taka Tudun Wada ba, abin da suka sani game da can daga bakin mutane ne, kuma ba mai daɗi ba. Matar da ta ɓoye mu a ɗakinta kwana biyu a 2000, Hajiya ce mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta sa wa mamata hijabinta ta raka mu har inda sojoji suke. Wa zai ba da labarinta in kowa ya ƙirƙiri gari?

Abban Walid:
Allah ya saka mata da Aljanna. Irinta suna da yawa ta kowane ɓangare, ban musa ba. Abin da nake gudu marubucin da bai san garin ba, ya raba shi biyu a takarda, nan Musulmi can Kirista, shi ke nan. Alhali Makera da Nasarawa da Kakuri akwai Musulmi fal, Barnawa a cakuɗe take, Kabala da Malali da Kawo akwai coci-coci. Tudun Wada ma da take arewacin kogi, a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu take. In za a rubuta, a rubuta da wannan cakuɗar. In ba za a iya ba a bar shi.

Malamin Hausa:
Wannan sharaɗin naka shi ne daidai, Alhaji, kuma ya shafi fasahar rubutun kanta. Labarin bincike yana rayuwa ne a kan zaton mai karatu. Mai karatu ɗan Kaduna zai shigo da zatonsa, yana ganin gawa a wannan gefe zai fara hararar wancan gefen. Marubuci mai hankali zai bar shi ya yi ta zato, a ƙarshe ya nuna masa kisan na gado ne, ko na fili, ko na amanar da aka ci, kuma daga cikin gida ya fito.

Sufeto Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na yi aikin ɗan sanda har na ajiye kaki, kuma wani ɓangare na aikin a garin nan na yi shi. Hajiya, zan gaya miki abin da marubutanmu suke kuskurewa.

A littafi, wahalar ita ce gano wanda ya yi. A aikin gaske a nan, sau da yawa kafin mu iso rabin layin sun san wanda ya yi. Mai shayi ya sani, mai wankin hula ya sani, 'yan sintirin unguwa sun sani. Wahalar ita ce wa zai faɗa. Ka tsaya a majalisa ka tambaya, kowa ya ce yana masallaci lokacin. Ba don suna son mai laifi ba. Suna tsoron a riƙe su a caji ofis a matsayin shaida, suna tsoron zaryar kotu, suna tsoron 'yan sara-suka su san wanda ya yi magana, kuma gobe da iyayen yaron za su haɗu a sahu. Garin da ya ga dokar hana fita ta awa ashirin da huɗu ba sau ɗaya ba, mutanensa sun koyi kama baki. To in kina neman yanayin Kaduna, wannan shirun shi ne. Gari ne mai surutu, ga rediyo ga majalisa ga siyasa, amma a kan abin da ya faru a layinku jiya da dare sai kowa ya zama kurma.

Na biyu, gawa. An tsinci mutum da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura. Dangi za su ce kwana ne ya ƙare, ba sa son a yanka musu ɗan uwa. Binciken gawa sai an cike takardar korona, wato jami'in da doka ta ba ikon binciken musabbabin mutuwa, sai an samu likitan da ya ƙware a wannan fanni, kuma ba su da yawa. Mai bincikenki yana da awa biyar ko shida kafin babbar shaidarsa ta shiga ƙasa. Ban taɓa ganin marubucin Hausa ya yi amfani da wannan ba, alhali agogo ne da addini da al'ada suka ba ku kyauta.

Na uku, hanyar shari'a. Ba DPO ne yake gama maganar kisa ba. Za a tura fayil sashen binciken manyan laifuka na jiha, a nemi shawarar ma'aikatar shari'a, sannan babbar kotu. Kuma garin yana kwance ne a kan ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa, ta Kudu, Igabi da Chikun. Gawar da ruwa ya ɗauko daga wani yanki ya ajiye a wani, kafin a daidaita ofishin da ke da hurumi an ɓata yini.

Sista Mai Aikin Dare:
Ranka ya daɗe, ka faɗi gaskiya a kan gawa. Amma akwai wadda take gani ko da likita bai gani ba, ita ce mai wankan gawa. In mace ce ta rasu, tsohuwar da ake kira a unguwa ita take ganin shatin da ke wuya, ko farcen da ya karye, ko ƙunar da aka rufe da zane. Ta gani, ta yi shiru, saboda an koya mata cewa abin da mai wanka ya gani amana ne. Ni a asibiti na sha karɓar mace an ce a banɗaki ta zame, raunin kuma yana faɗin wani abu dabam. Anti Ummu Sultan, me zai hana mai bincikenki ta zama mace? Sufeto ba zai wuce zaure ba, ƙofar an rubuta "ba shiga". Dillaliya kuwa, ko mai kitso, ko ungozoma, har ƙuryar ɗaki take zuwa, kuma a gabanta ake magana ba a ɗauke ta a bakin komai ba.

Sufeto Mai Ritaya:
Haka ne 'yata. Manyan bayanan da na taɓa samu ta hannun mata suka zo, kuma ba a ofis ba.

Ummu Sultan:
Sista, kin taɓa inda yake mini ciwo. Tauraron nawa saurayi ne ɗan jarida, kuma tun babi na huɗu na rasa yadda zan shigar da shi cikin gidan marigayiyar. Yanzu ina ganin mai wankan ce za ta ɗauki labarin: tsohuwa da ta ga abu a jikin gawa, tana tsakanin amanar da aka ɗora mata da haƙƙin rai. Ɗan jaridar sai ya zama jikanta, shi ne ƙafarta, shi zai tsallaka gada. Malam, ta fuskar addini fa, ba zan shiga hurumin da ba nawa ba?

Malamin Hausa:
Ki kai wa malaman fiƙihu tambayar kafin ki rubuta, ki sa amsarsu a bakin wani limami a cikin labarin. Wannan zai ƙara masa nauyi.

Roƙona ɗaya: kada a warware da boka, ko mafarki, ko aljani ya hau wata ya tona asiri, ko mugun ya yi hatsari ya furta komai a gadon asibiti. Nan ne littattafanmu suke faɗuwa. Jama'ar cikin labarin suna iya cewa aljanun kogi ne suka ja ta, don haka mutane suke faɗa, amma tsohuwar ta gano gaskiya da idonta da hankalinta, kuma duk abin da ta gani mai karatu ya gani tare da ita.

In jikan zai bi tsohuwar takarda, garin ya tanadar masa wuri. Ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa a titin Yakubu Gowon, ga Arewa House a titin Rabah, gidan da aka kashe Sardauna a daren 15 ga Janairun 1966, wanda yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Tsofaffin fitowar New Nigerian kaɗai sun isa mutum ya gano wanda ya canza suna, tun da a jarida ake sanarwa.

Ɗan Rigasa:
Anti ki sa tashar jirginmu ma. Tun 2016 da aka buɗe layin Abuja, mutum yana iya yin asuba a Kaduna, ya yi azahar a Abuja, ya dawo ya kwana a gida, ga tikiti a hannu. Kuma a ƙarshen 2021 da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar aka hana acaɓa, in a lokacin labarin ya faru, ba wanda zai ce me ya sa ba ta kira waya ba.

Abban Walid:
To ni dai ina nan a kan bakana game da sunan layi. Unguwa ki faɗa, babban titi ki faɗa, amma layi da lambar gida ki ƙirƙira. Kada wata baiwar Allah ta wayi gari yara suna nuna ƙofarta.

Ummu Sultan:
Wannan na karɓa, Alhaji. Baba, ina son ganin masaƙun da idona. Ɗiyar Sabon Tasha, in ba damuwa ki zagaya da ni ɓangarenku, ni kuma in raka ki Tudun Wada ki nuna mini layin da kika taso.

Ɗiyar Sabon Tasha:
Na yarda Yaya. Asabar ta fi mini, Lahadi muna coci. Mamata ma za ta so ta biyo mu Tudun Wada, tana son ta san ko Hajiyar nan tana raye.

Baba Na Kakuri:
Ku zo da hantsi kafin rana ta yi zafi, ku sa takalmi rufaffe saboda ciyawa. Ciki sai da izinin masu gadi, zan fara yi musu magana. Zan kuma kira mutum biyu cikin waɗanda muka yi aikin dare tare, ɗayan ya fi ni riƙe sunaye.